Yadda Ake Haɗa Ƙaramin Injin CNC Mai Aiki da GRBL, da Gano Matsalarsa

Yawancin ƙananan injunan CNC, wato injunan da kwamfuta take sarrafa motsinsu, da ake sassaƙa katako, roba ko allon lantarki da su a gida suna aiki ne da GRBL, manhaja ta kyauta wadda Simen Svale Skogsrud ya fara rubutawa a 2009, wadda kuma take zama cikin allon Arduino Uno. A kan allon ana ɗora wani da ake kira CNC Shield, sai direbobi, wato ƙananan allunan lantarki irin A4988 ko DRV8825, su riƙa juya motocin. Abin da ya fi wahalar da sabon shiga shi ne haɗa komai lokaci guda, domin idan injin ya ƙi motsi ba zai san daga ina matsalar take ba. Saboda haka ake bin aikin daki-daki, kuma ba a saka bakin yanka sai a ƙarshe.

Mataki na farko shi ne a sa kwamfuta ta gane allon, tun kafin a jona moto ko ɗaya. Allunan Arduino masu araha galibi suna ɗauke da guntun CH340, kuma wasu kwamfutocin ba sa ganinsu sai an saka manhajar wannan guntu. Idan ba a ga allon a jerin tashoshin COM, wato inda kwamfuta take nuna allon da aka jona mata, ba, a fara canza wayar USB, domin akwai wadda caji kawai take yi. Bayan haka sai a loda GRBL 1.1 ta Arduino IDE, manhajar da ake loda wa allon shiri da ita, a rufe ta, a buɗe manhajar tura umarni kamar Universal Gcode Sender, Candle ko bCNC, a zaɓi saurin sadarwa 115200. Idan allon ya amsa da sunan Grbl da lambar sigarsa, sai a tura $$ domin ganin dukkan saitin, a kwafe shi a ajiye kafin a taɓa komai.

Na biyu, a saka direbobi, kuma nan ne ake yawan asarar kaya. Ƙafar direba mai alamar EN dole ta dace da EN na allon, domin wanda aka saka a juye yakan ƙone da zarar an ba da wuta. Kowane moto yana da koyil biyu, wato waya huɗu, kuma ana gano ma'aurata, wato waya biyu na koyil ɗaya, da mitar auna wuta, ko a haɗa waya biyu a juya sandar moton da hannu. Idan ta yi tauri, to na koyil ɗaya ne. Moton da yake karkarwa a wuri ɗaya ba ya juyawa, galibi ma'auratan aka cakuɗa. Kada a kuskura a cire ko a jona wayar moto alhali akwai wuta a allon, domin wannan kaɗai ya isa ya kashe direba.

Daga nan sai daidaita ƙarfin wutar da direba yake ba moto. Ana auna wuta tsakanin ɗan sukurun da ke kan direban da GND, wato ɓangaren negatif na allon, ana juya shi a hankali da ƙaramin sukudireba. Ga A4988, ana ninka amp ɗin da ake so da 8, sannan da ƙimar resistan da ke jikinsa. Idan an rubuta R100 a kansa, amp 1 yana buƙatar volt 0.8. Ga DRV8825 da aka saba gani kuwa, rabin adadin amp ɗin ake nema, wato volt 0.5 ga amp 1. Idan wutar ta yi kaɗan moto zai riƙa tsallake taku, idan ta yi yawa direba zai yi zafi ya ɗauke na ɗan lokaci ya dawo, wanda hakan kan sa a zargi manhaja alhali ba laifinta ba ne. Ɗan ƙarfen sanyaya da ƙaramar fanka suna da amfani sosai, musamman a shagon da zafi ya yi yawa.

Mataki na gaba shi ne koya wa GRBL yawan takun da yake milimita ɗaya, wanda ake rubutawa a $100, $101 da $102, na X (hagu da dama), Y (gaba da baya) da Z (sama da ƙasa) bi da bi. Moton NEMA 17 na yau da kullum yana taku 200 a zagaye ɗaya, kuma idan an saka jampa uku, wato ƙananan hulunan da ke haɗa fil biyu, a ƙarƙashin A4988 kowane taku yana rabuwa gida 16, ya zama 3200. Idan sandar sukuru tana tafiyar milimita 8 a zagaye, amsar ita ce 400. Idan bel ɗin GT2 ne da fuli mai haƙori 20, wanda yake tafiyar milimita 40, amsar 80 ce. DRV8825 da jampa uku yana raba taku gida 32 ne, shi ya sa wanda ya sauya direba bai gyara lissafi ba yake ganin injinsa yana tafiyar rabin abin da ya umarta. Bayan lissafi sai gwaji: a tura G21 G91 G1 X100 F300 idan akwai fili, a auna tafiyar, a ninka tsohuwar lambar da 100, a raba da abin da aka samu. Idan bambancin yana canzawa a kowane gwaji, to ba lissafi ba ne, wani sukuru ne ya kwance ko bel ya saki.

Idan wani ɓangare yana tafiya baya, a gyara da $3, inda X yake 1, Y yake 2, Z yake 4, kuma ana tara lambobin idan fiye da ɗaya ne. A injin da teburi ne yake motsi, ana duba tafiyar bakin yanka a kan aikin ne, don haka teburin yakan matso wajen mai aiki idan Y yana ƙaruwa. Saurin ƙoli yana $110 zuwa $112, hanzarin tashi yana $120 zuwa $122. A fara da ƙananan lambobi a riƙa ƙarawa har moto ya yi ƙara ya cije, sannan a rage sosai.

Makunnan iyaka, waɗanda suke sanar da GRBL cewa injin ya kai ƙarshen hanyarsa, su ne suka fi ba da ciwon kai. Akwai tarko a CNC Shield V3: an buga alamominsa bisa tsohon tsarin GRBL, alhali a sigar 1.1 makunnin Z ya koma fil na 12, an bar na 11 don sarrafa saurin injin yanka, wato moton da ke juya bakin yanka. Saboda haka a wannan allon ana jona makunnin Z a inda aka rubuta SpnEn. Bayan an sa $22=1, injin zai riƙa tashi a kulle har sai an tura $H ya nemi gida, wato inda makunnan suke, ko $X a buɗe shi, kuma wannan ba lalacewa ba ce. Z ne yake fara hawa sama, sannan X da Y. ALARM:9 na nufin bai tarar da makunni ba, ALARM:1 kuwa an taɓa iyaka ana cikin tafiya.

Idan ALARM:1 yana fitowa, ko USB yana yankewa, da zarar an kunna injin yanka, to katsalandan na lantarki ne. A raba wayoyin makunni da na moto, a yi amfani da waya mai rufin ƙarfe, a sa kafasita 100nF tsakanin fil ɗin makunni da GND, a kuma gajarta wayar USB. A ganina ya fi kyau a jona makunnai a rufe, wato wuta tana bi ta cikinsu sai an taɓa su, a sa $5=1, domin idan waya ta tsinke injin zai tsaya maimakon ya ci gaba ba tare da kariya ba. Neman gida yana da wata fa'ida inda wuta take yawan ɗaukewa: GRBL yana ajiye mafarin aiki na G54 a ƙwaƙwalwarsa, don haka bayan wuta ta dawo $H zai iya mayar da mutum wurin da ya fara.

Kafin yankan farko, a ɗaga Z sama a gudanar da dukkan fayil ɗin umarnin yankan a iska, ana lura da hanyar da injin yake bi, hannu kuma yana kusa da makunnin kashe wuta. Idan error:20 ya fito, manhajar zane ta fitar da umarnin da GRBL bai sani ba, sai a koma a zaɓi GRBL wajen fitar da fayil. Idan komai ya tafi daidai, a sa tabarau na kariya, a ɗaure katako mai laushi da kyau, a yanka murabba'i mai milimita 50 da zurfi kaɗan, a auna gefunansa huɗu da tsakanin kusurwoyinsa.