Kurakuran da Ake Tafkawa Wajen Neman Tsofaffin Gem ɗin Ayari na Kwamfuta a Legas

Wata ranar Lahadi ƙanena mai gyaran waya a Ikeja ya shigo ɗakina a Agege, ya tarar da ni gaban laftof. Allon cike yake da rubutu da lambobi, ga wasu 'yan mutane shida a tsaye kamar 'ya'yan dara. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Yaya, wannan gem ne ko lissafin kanti?" Na ce masa ya ja kujera. Bai tashi ba sai da aka kira magariba. Bayan sati biyu sai ga shi ya dawo rai a ɓace: ya sauke gem uku, data ta ƙare, kuma babu ko ɗaya da ya yi kama da abin da ya gani a wurina.

Irin gem ɗin da nake nufi, kai ne madugu. Kai za ka ƙirƙiri mutanen ayarinka tun daga suna har sana'a: wannan mayaƙi, wancan mai warkarwa, ga mai sihiri, ga ɓarawo mai buɗe kwado da gano tarko. In faɗa ya tashi kuma bi-da-bi ake yi, kamar dara ko ludo. Ka yi naka, abokin gaba ya yi nasa, babu abin da zai motsa sai ka ba da umarni. Tushensu wasan tebur ne na Dungeons & Dragons da ya fito a Amurka a 1974, daga nan ya hau kwamfuta da irin su Wizardry a 1981, The Bard's Tale a 1985, Might and Magic a 1986, da Pool of Radiance a 1988.

Kuskuren ƙanena na farko, wanda kusan kowa ke yi, shi ne ya rubuta RPG kawai a wurin nema, wato gajeren sunan Turanci na gem ɗin da kake hawa matsayin mutanen cikin labari. Waɗannan haruffa uku sun zama kamar kalmar "mota" a Oshodi: danfo mota ce, tirela mota ce, BRT ma mota ce. Abin da zai fito maka yawanci gem ne na gudu da sara, inda saurin yatsa ke ci. Dole ka riƙe tambaya biyu kafin ka taɓa maɓallin saukewa. Shin gem ɗin yana jira na? Kuma wa ke haɗa ayarin, ni ko su? A Steam da GOG, shagunan sayar da gem a intanet, alamomin da Turanci suke, don haka ka haɗa "turn-based" (bi-da-bi) da "party-based" (na ayari) da "CRPG" (RPG na kwamfuta) wuri guda. In wanda ake ganin kurkuku, wato lungunan ƙarƙashin ƙasa da ake yawo a ciki, ta idon ayarin kake so, ana tafiya taku-taku, masu harkar suna ce masa "blobber", domin duk mutanen sun dunƙule sun zama abu ɗaya mai tafiya.

To amma ko alamar ba a sakankance da ita, kuma a nan ne manyan sunaye ke yaudarar mutum. Ka tambayi duk wanda ya ɗan san harkar, zai ce maka Baldur's Gate na 1998. Gem ne mai kyau, ban musa ba. Sai dai ba bi-da-bi ba ne: faɗan yana gudana ne kai tsaye, kai ne kake tsayar da shi ka ba da umarni ka sake shi. Icewind Dale na 2000 ya ba ka damar ƙirƙirar mutum shida da hannunka, amma faɗansa irin wancan ne. Fallout na 1997 kuwa akasin haka: bi-da-bi ne tsantsa, amma mutum ɗaya tak kake ƙirƙira, abokan tafiyar da ka tsinta a hanya kuma gaban kansu suke yi, har wani ya harbe ka ta baya da sunan taimako. Dungeon Master na 1987 da Eye of the Beholder na 1991 da Legend of Grimrock na 2012 duk a hoto sun yi kama da Wizardry, alhali dodannin cikinsu ba sa jiran kowa. Ka tashi ɗauko shayi, ka dawo ka tarar da gawarwaki. Kama da wane ba ta wane. Gyaran mai sauƙi ne: ka buɗe YouTube, ka nemi bidiyon faɗa ɗaya na gem ɗin, ka rage ingancin hoton don data, ka kalli minti biyu. In mai wasan ya tsaya yana tunani kuma komai ya tsaya tare da shi, ka samu.

Akwai kuma ruɗanin suna. Heroes of Might and Magic daban, Might and Magic daban. Na farkon gina birni ne da tara runduna. Pool of Radiance ma biyu ne. Wanda ake yabo shi ne na kamfanin SSI na 1988. Na 2001, mai laƙabin Ruins of Myth Drannor, ya yi suna ne da wani aibi a fitowarsa ta farko, inda cire shi daga kwamfuta kan iya tafiya da fayilolin Windows. Ka duba shekara kafin ka biya.

Sai maganar inda ake nema. Mu 'yan Legas mun saba duk abin da ya shafi kwamfuta a nufi Computer Village, a ratsa titin Otigba, a ce a loda mana. Na taɓa yin haka. Wani mai shago ya karɓi filashina ya cika shi da ƙwallo da tseren mota da harbe-harbe, ya rantse min irin wanda nake nema yana ciki. Babu shi, sai wata cuta da ta ɓoye min fayiloli na yi kwana biyu ina fama. Ban ga laifinsa sosai ba, abin da kasuwa ke tambaya shi yake ajiyewa, wa zai zo Ikeja neman gem ɗin 1988? Haka nan shafukan da ke cewa komai kyauta ne, masu maɓallin saukewa huɗu, uku na ƙarya. Araha ba ta ado. Kuma tsufan gem ba ya nufin ba shi da mai shi. Da yawansu har gobe ana sayar da su.

Wurin da ya dace a fara shi ne GOG, shagon intanet na ƙasar Folan da aka buɗe a 2008 musamman don tsofaffin gem. Abin da ya sa ya dace da mu: in ka saya, za ka iya sauke fayil ɗin girkawa ka ajiye a filashi, kuma gem ɗin ba ya neman intanet kafin ya buɗe. A can akwai Might and Magic na 1 zuwa na 6 a ƙunshi guda, akwai Wizardry na 6 da na 7 da na 8, akwai jerin SSI da ake kira Gold Box, saboda kwalinsu ruwan zinare ne. Ultima IV na 1985 ma kyauta suke bayarwa, ka gwada ka ga ko idonka zai jure hoton wancan zamani, ko da yake a cikinsa mutum ɗaya kake ƙirƙira, sauran a hanya kake ɗauka. Steam ma yana da da yawa daga cikinsu. Farashin da dala yake, saboda haka kada ka saya ranar da ka gani. Ka sa shi a jerin abin da kake so, ka jira rangwame, wanda shagunan biyu ke yi sau da yawa a shekara, tsofaffin nan kuma su ne ke faɗuwa warwas. Ka tabbatar katin bankinka yana biya a waje tun kafin ranar. In ka saya a Steam ka ga ba shi ba ne, suna mayar da kuɗi muddin ba a wuce kwana 14 ba kuma ba ka yi awa biyu kana bugawa ba.

Wasu kuma tun kafin su fara sun yanke ƙauna, wai laftof ɗinsu tokumbo ce, ba ta da katin hoto. Wannan tunanin daga Baldur's Gate 3 na 2023 ya samo asali, wanda shi kam bi-da-bi ne, amma yana cin wajen gigabait 150 kuma yana son inji mai ƙarfi. Gem ɗin zamanin DOS, tsarin da kwamfuta ke aiki da shi kafin Windows ya yaɗu, an yi su ne don kwamfutar da wayar hannunka ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba, wasunsu ba su kai girman bidiyon biki ɗaya da ake turowa a WhatsApp ba. Manhajar DOSBox ce ke tashinsu a Windows na yau, kuma wanda ka saya a GOG yana zuwa da ita a haɗe. Abu biyu kawai za ka riƙe: Alt da Enter suna cika allo, in ka ga rubutu na wucewa kamar ɗan acaɓa a Ikorodu Road, Ctrl da F11 na rage gudu, Ctrl da F12 na ƙarawa. In laftof ɗinka ba ta da maɓallan lamba na gefen dama, ka sayi kibod na waje. A faɗan Gold Box ana tafiya ta kusurwa takwas, da waɗannan maɓallan aka tsara shi.

Yanzu ga inda na fi son in daɗe, domin nan ne mutane ke zubar da gem mai kyau su ce ba shi da daɗi: ƙin karanta littafin da ya zo da shi. Gem ɗin yau yana riƙe hannunka kamar ɗan firamare. Na da kuwa ba shi da wurin ajiye dogon labari a faifai, sai aka buga labarin a takarda. Kana cikin Pool of Radiance sai allo ya ce ka duba shigarwa mai lamba kaza a littafin matafiya. In ba ka da shi, ka rasa abin da aka faɗa maka, ka rasa taswirar da aka ba ka, kana ta yawo a kangon birnin Phlan ba ka san me majalisar gari ta aike ka yi ba. Wasteland na 1988 ma haka yake da littafin sakin layi, har da na ƙarya aka cusa a ciki don a ɓatar da mai leƙen gaba. Waɗannan littattafai suna nan a matsayin PDF cikin kayan da ke biyo gem ɗin. Ka tura su wayarka. Ni a cikin go-sulo na karanta nawa, tsakanin Agege da Oshodi, kuma lokacin ya isa har da ragowa.

Daga rashin karatun nan ne ake haɗa ayarin banza. Ƙanena da ya samu gem na gaskiya, mayaƙa shida ya jera, kowa da takobi, ya sa musu sunayen abokansa na kasuwa. Faɗa uku suka yi, babu mai ɗaure rauni, akwatin farko da suka buɗe tarko ya tashi da rabinsu. Fatake ma da suke tafiya Gwanja ba duka ne masu ɗaukar kaya ba. Akwai jagaba a gaba, akwai mai lura da baya. A ayarin mutum shida ka sa biyu ko uku masu sulke a gaba, mai warkarwa aƙalla ɗaya, mai sihiri ɗaya ko biyu a baya, ɓarawo ɗaya. Mai sihirin a farko kamar ɗan tsako yake, bugu ɗaya ya faɗi, amma sihirin sa barci da yake da shi tun matakin farko ya fi takubba uku amfani a kan tarin ƙananan abokan gaba. Wani tarko kuma sai an yi nisa yake bayyana. A Gold Box, jinsunan da ba bil'adama ba suna da iyakar matakin da za su kai a yawancin sana'o'i. A gem na farko ba za ka ji sosai ba. Amma ana ɗaukar ayari daga Pool of Radiance zuwa Curse of the Azure Bonds na 1989, zuwa Secret of the Silver Blades na 1990, har Pools of Darkness na 1991, can ne za ka ga gwarzonka ya tsaya cak, 'yan Adam sun wuce shi. In doguwar tafiya ka ƙudurta, ka yawaita mutane.

Kada kuma ka ce sai ka fara da mafi tsufa don a san ka isa. Wizardry na 1981 ba ya da tausayi. Hawa goma ne na kurkuku, kowanne murabba'i 20 sau 20, da hannunka za ka zana taswira a takarda mai gida-gida irin ta lissafi. In mutuminka ya mutu ka kai shi a tayar, aikin zai iya ƙi ya zama toka, in ya sake ƙi ya tafi ke nan har abada. Mai farawa ya fi dacewa da World of Xeen, wato Might and Magic na 4 da na 5 da ke haɗewa su zama duniya ɗaya: launi mai haske, taswira a allo, faɗa mai sauri. Ko The Bard's Tale Trilogy da aka sabunta a 2018. Ko Avernum na Spiderweb Software, ƙaramin kamfanin Jeff Vogel da ke Siyatil, wanda tun tsakiyar shekarun 1990 wannan sana'ar kaɗai yake yi. Mutum huɗu kake haɗawa, kuma akwai babban yanki na gwaji kyauta kafin ka biya. Wanda injinsa ya ɗan fi ƙarfi ya duba Wasteland 2 na 2014 ko Solasta na 2021. The Temple of Elemental Evil na 2003 faɗansa ya yi kyau ƙwarai, amma da kurakurai ya fito, sai ka ɗora masa gyaran da masoyansa suka yi mai suna Circle of Eight.

Na ƙarshe ya shafe mu fiye da Baturen da ya rubuta gem ɗin: ajiya. Yawancin tsofaffin nan ba sa ajiye maka wasa da kansu, wasu ma sai ka koma masauki ko ka kafa sansani. In batirin laftof ɗinka ya mutu, kamar na yawancin tokumbo, ɗauke wuta ɗaya zai tafi da aikin awa uku. Ka riƙa ajiya kafin ka buɗe kowace ƙofa da ba ka yarda da ita ba, ka riƙa juya gurabe uku maimakon ɗaya, ka kwafe fayilolin ajiyar zuwa filashi duk ƙarshen sati. Ƙanena yanzu yana Xeen, ya rage mayaƙan zuwa biyu, mai warkarwar kuma sunan mahaifiyarmu ya sa mata. Jiya da dare ya kira ni yana tambayar inda zai samu takarda mai gida-gida a Agege, wai yana so ya gwada Wizardry.