Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Kwatanta Shekarun Sararin Samaniya da na Abubuwan da ke Cikinsa

Na daɗe ina koyar da kimiyya a wata makarantar sakandare a Jos, kuma duk shekara idan muka iso darasin taurari, kurakurai iri ɗaya nake tsinta a takardun ɗalibai, wasu lokuta har a bakin manya masu ilimi. Mafi yawansu ba daga rashin basira suke tasowa ba. Daga rikita kalmomi ne da ɗaukar lissafi ba tare da tambayar yadda aka samo shi ba.

Kuskuren farko daga harshenmu yake. Da kalmar “duniya” muke kiran doron ƙasar da muke takawa, da ita kuma wasu ke kiran sararin samaniya da duk abin da ke cikinsa, saboda haka sai ɗalibi ya rubuta cewa duniya ta shekara biliyan 13.8. Wannan adadi na sararin samaniya ne baki ɗaya. Duniyarmu shekarunta kimanin biliyan 4.54 ne, rana kuma kimanin biliyan 4.6, wato sararin samaniya ya riga ya ci kusan kashi biyu cikin uku na shekarunsa kafin a sami ƙasar da za a taka. Gyaran shi ne mai rubutu ya bayyana wacce yake nufi kafin ya ɗora lamba. Nakan nuna wa ɗalibaina duwatsun Shere ta taga, in gaya musu cewa irin waɗannan duwatsu da aka haƙi kuza a gindinsu sun haura shekara miliyan 150, amma duk da haka ba su kai kashi biyu cikin ɗari na shekarun sararin samaniya ba. A nan ne kuma nake gargaɗinsu kan miliyan da biliyan, domin sai an tara miliyan dubu kafin a sami biliyan ɗaya.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne wanda ke yawo a Facebook da WhatsApp, cewa an gano tauraron da ya girmi sararin samaniya, don haka lissafin masana ya rushe. Tauraron da ake nufi shi ne HD 140283, wanda ake yi wa laƙabi da Methuselah, yana nesa da mu da kimanin shekarar haske 200, wato nisan da haske ke shafe shekara 200 kafin ya ratsa. A 2013 Howard Bond da abokan aikinsa, da taimakon madubin hangen nesa na Hubble, sun ƙiyasta shekarunsa biliyan 14.46, amma sun biyo da sharaɗin da masu yaɗa labarin ke yankewa: adadin zai iya ƙaruwa ko raguwa da shekara miliyan 800. Idan aka rage waɗannan shekaru miliyan 800, sai tauraron ya sauko ƙasa da biliyan 13.8, kuma wani ƙiyasi na 2021 ya kawo shi wajen biliyan 12. Akwai ma shaida a jikin tauraron kansa. Farkon al'amari haidirojin da hiliyum ne kusan kaɗai suka wanzu, ƙarfe kuwa a cikin taurari ake ƙera shi. Methuselah yana ɗauke da ƙarfe ɗan kaɗan, wanda ke nuna cewa wasu taurari sun rayu sun mutu kafin a haife shi. Ɗa ba ya girme uwarsa, kuma idan takarda ta ce ya girme ta, takardar ake komawa a duba.

Ba yau aka fara irin wannan karo ba. Saurin faɗaɗar sararin samaniya da masanin taurari Edwin Hubble ya auna a 1929 ya ba da shekaru kimanin biliyan biyu kacal, abin da ya gaza shekarun da binciken duwatsu ya tabbatar wa ƙasa. Matsalar a awon nisa take, kuma a 1952 Walter Baade ya nuna cewa nisan tarin taurari ya ninka abin da ake zato, sai ƙiyasin shekarun sararin samaniya shi ma ya ninka. A shekarun 1990 rikicin ya dawo ta kan wasu tsofaffin gungun taurari da lissafi ya nuna kamar sun girmi sararin samaniya, sai awon tauraron ɗan adam Hipparcos da gano cewa faɗaɗar ƙara sauri take yi, a 1998, suka warware shi. Adadin biliyan 13.8 da ake amfani da shi yanzu ya fito ne daga awon tauraron ɗan adam Planck na Turai, wanda ya nazarci tsohon hasken da ya fito shekara 380,000 bayan Babbar Fashewa, wato mafarin sararin samaniya.

Shekarar haske ita ma tana tuntuɓe da mutane, domin sunanta yana kama da na lokaci alhali ma'aunin nisa ce: tafiyar da haske ke yi cikin shekara guda, yana gudun kilomita kusan 300,000 a daƙiƙa. Wanda ya ji cewa tarin taurarin Andromeda na nesa da shekarar haske miliyan 2.5 kada ya ce shekarunsa ke nan. Abin da ake nufi shi ne hasken da ke shiga idonmu a daren yau ya baro can tun wancan lokaci. Haka nan ɗalibi mai kaifin hankali yakan tambaya, “Malam, yaya za a ce iyakar abin da muke iya hange ta kai shekarar haske biliyan 46, alhali haske bai yi tafiyar shekara biliyan 14 ba?” Tambayar tana da nauyi, kuma amsarta ita ce sararin da ke tsakaninmu da waɗancan wurare ya ci gaba da miƙewa yayin da hasken ke kan hanya, don haka inda ya baro ya ƙara nisa ƙwarai.

Wannan ne kuma ke gyara fahimtar hotunan madubin hangen nesa na James Webb, wanda aka harba a Disambar 2021. Idan aka ce ya hango tarin taurari na shekara miliyan 290 bayan Babbar Fashewa, ba tsufansa aka gani ba, jarirantakarsa aka gani, domin hasken ya shafe fiye da shekara biliyan 13 kafin ya iso madubin.