Masu Ford mai lambobi a jikin ƙofa, ga shawara

Jama'a masu Ford Edge ko Explorer ƙirar Amurka, idan lambobin nan na jikin ƙofar direba suka daina buɗe mota kar ku yi saurin sayen sabon madanni, sau da yawa ba shi ya mutu ba.

Da farko danna maɓallin 7-8 da na 9-0 tare, in ƙofofi suka kulle to wuta na isa madannin, wataƙila matsalar lambar sirrin da ake dannawa ce. Kuma ku sani in aka yi kuskure sau 7 a jere motar na toshe madannin na minti 1, ku ɗan jira.

In ko fitilarsa ba ta kawowa amma rimot na aiki, a duba fiyus, sannan a janye robar nan da ke tsakanin ƙofa da jikin mota, nan wayoyi suka fi karyewa saboda buɗewa da rufewa kullum, wani lokaci bawon wayar lafiya lau amma tagullar ciki ta tsinke, sai an ja ta a hankali za ka ga tana miƙewa. A sa mai wayarin ya gwada da mita ya yi solda, don Allah kar ya murɗa kawai ya naɗe da salatif, damina na zuwa tsatsa za ta ci wurin.