Yadda za ka sa baƙon harshe ya zauna a bakinka

Mutane da yawa sun shafe shekaru suna karanta nahawun wani harshe, amma da an yi musu tambaya da shi sai baki ya ɗaure. Ganewa daban, furtawa daban. Kunne da ido karɓa suke yi, baki kuwa fitarwa yake yi, kuma ba ya iya abin da bai saba ba.

Kafin komai, haddace jimlolin ceto hira guda biyar a harshen da kake koyo: "don Allah maimaita", "yi magana a hankali", "me wannan kalma take nufi?", "yaya ake cewa kaza?", da "tsaya in ga ko na gane". Wanda ba shi da su gyaɗa kai kawai yake yi, abokin magana ya ɗauka an fahimce shi, ya ƙara sauri, daga nan zare ya tsinke.

Sai bin sawun murya. Samo sauti mai tsawon daƙiƙa 30 zuwa 60 tare da rubutunsa. Saurara sau biyu ba tare da duba rubutun ba, sau ɗaya kana dubawa, sannan ka riƙa faɗin abin da mai maganar yake faɗa, kana biye da shi da tazarar kalma ɗaya ko biyu. Kwaikwayi hawa da saukar muryarsa da wuraren da yake tsayawa. Minti 10 a kullum ya wadatar. Kuskuren da aka fi yi shi ne zaɓar sauti mai wuya. Idan baƙin kalmomi sun yi yawa, hankalinka zai tafi wajen farautar ma'ana, furucin ya sha ruwa.

Dabarar da ta fi sakin harshe ita ce 4/3/2, wadda Paul Nation, masanin koyar da harsuna a Jami'ar Victoria da ke Wellington, ya yi nazari a kanta a 1989. Ka zaɓi batun da ka sani sarai, ka yi wa mutum bayaninsa cikin minti 4, ka maimaita wa wani cikin minti 3, na uku cikin minti 2. In babu mutane uku, ɗauki muryarka a waya. A zagayen farko kana laluben kalmomi, a na ƙarshe sun riga sun zo kusa, ga ƙarancin lokaci yana kore "e... to... wato". Kada ka cusa sababbin kalmomi a nan, kuma kada ka rubuta jawabin ka karanta, don hakan karatu ne da babbar murya, ba magana ba.

Idan kalma ta ɓace maka ana tsakiyar zance, kewaye ta. Ka manta sunan allura? Ce "siririn ƙarfen da ake ɗinki da shi". Galibi mai sauraro zai cafe ya ba ka kalmar, kuma wadda aka samu ta haka ba ta saurin gudu.

Batun gyara kuwa, roƙi abokin hirarka kada ya katse ka. Ya riƙe kurakurai biyu ko uku waɗanda suka sauya ma'ana, ya faɗa maka bayan ka gama. Rubuta kowanne cikin cikakkiyar jimla da aka gyara, ka sake furta ta washegari, da bayan kwana 3, da bayan mako guda.