Darasi na Bakwai: Abin da ya gajarta karan alkama

Kafin mu kai ga alkama, mu fara da abin da ake gani a kicin. Idan nama ya yi tauri, wasu mata kan naɗe shi da ganyen gwanda ko su jefa ɗanyar gwanda cikin tukunya, sai ya yi laushi. Cikin ƙaron gwanda akwai wani sinadari mai suna fafen, aikinsa yanyanka furotin, wato sinadarin gina jiki. Kowace shuka tana da ire-irensa masu yawan gaske, kuma gadonsu take yi daga iri, kamar yadda ɗa ke gadon kamannin ubansa.

To, me shuka za ta yi da abin da ke rushe furotin ɗinta? Mu dubi alkama.

Cikin karan alkama akwai wani furotin da masana suke kira DELLA. Birki ne, yana hana kara miƙewa. Idan lokacin girma ya yi, shuka takan fitar da wani sinadari mai suna jibaralin. Shi ne ke jawo wasu sinadarai ma'aikata su ɗaura wa birkin alama, yadda ake shafa wa rago fenti a kasuwa bayan an saya, daga nan a tura shi wurin niƙa cikin ƙwayar halitta, a yanyanka shi kamar yadda fafen ke yi wa nama. Birki ya tafi, kara ya yi sama.

A Japan an samu wata gajeriyar alkama, Norin 10. Ƙwayar gadonta ta sauya kaɗan, har birkin ya daina jin umarnin jibaralin, sai ya zauna daram. Wani masanin noma ɗan Amurka, Norman Borlaug, ya haɗa jininta da alkamar Meziko, aka fitar da sababbin iri a 1962, suka isa Indiya da Pakistan. An ba shi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1970. Sai a 1999 masana a Ingila suka gano ainihin ƙwayar gadon.

Doguwar alkama idan ta ci taki sai kai ya yi mata nauyi, iska ta kayar da ita, hatsi ya lalace a ƙasa. Gajeriya tana tsaye, kuma ƙarfin da zai tafi kara sai ya koma zangarniya. Mai dabbobi zai ce tattaka ta ragu. Gaskiyarsa ce, amma a ganina buhu ya fi.

Ga inda manomin rani a Kadawa ko Haɗeja zai kula. Birkin nan yana gajarta har kuben da tsiro ke fasa ƙasa da shi, don haka irin da aka binne da zurfi ba ya fitowa da kyau. Kada ya wuce gaɓar yatsa biyu.

Aikin gida: shuka ƙwaya 10 a zurfin gaɓa biyu, wasu 10 a zurfin tsawon tafin hannu. Ka riƙa ba su ruwa daidai. Bayan kwana 10 ka ƙirga waɗanda suka fito, ka rubuta a littafinka, ka kawo wa malam.