Yadda ake ɗanɗana giyar inabi a gane mai kyau

Toh da farko dai, shekarar nan da ake rubutawa a jikin kwalba ta lokacin da aka tsinke inabin ce, kuma yanayin damina da rana na wannan shekarar ne ke shiga cikin ɗanɗanon. A yankin Bordo na Faransa, 2009 da 2010 sun yi suna don inabi ya nuna sosai, 2013 kuwa ruwa da sanyi ne suka dagula lissafi. Amma kar shekara ta rufe maka ido, harshenka ne zai yanke hukunci.

Farar giya tana son sanyi, kamar digiri 8 zuwa 12, ja kuma 15 zuwa 18, in ta yi ɗumi ƙarfin barasa ne kawai zai dinga bugun hancinka. Ka fara da fara kafin ja, mara zaƙi kafin mai zaƙi.

Zuba kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin uku na kofin gilashi, ka riƙe shi ta ƙafa don kar tafin hannunka ya ɗumama ta. Karkata kofin a kan farar takarda ka duba launi, ja in tana tsufa launinta na kwashewa ya koma ruwan ƙasa, fara kuma sai ta ƙara duhu ta yi ruwan zinare.

Sai ka jujjuya kofin ka sa hanci. Nan ne aikin yake gaskiya, yawancin abin da muke kira ɗanɗano ƙamshi ne. In ka ji warin jiƙaƙƙen kwali toh toshiyar kwalbar ta lalata ta, ba sai ka wahalar da kanka ba.

Kurɓi kaɗan ka zagaya da ita baki. Baurin da ke sa dasashi ya bushe daga ɓawo da ƙwallon inabi yake, shi ya sa ja ta fi fara bauri. Abin nema shine tsami da bauri da zaƙi da ƙarfi su zauna daidai ba wanda ya danne wani, sannan ka lura da yadda ɗanɗanon ke daɗewa a baki, mai kyau tana jimawa sosai, ta banza kuwa nan da nan ta ɓace. Masu tantancewa tofarwa suke yi, in ba haka ba bayan 'yan kwalabe sai harshe ya daina bambancewa sosai.