Inda Nauyi Yake Zama a Kwale-kwalen Tsere

Yaran da nake ɗauka daga Nima zuwa Ada, inda kogin Volta ya faɗa teku, don koyon tseren jiragen da iska ke turawa, tambayarsu guda ce da zarar iska ta tashi: "Malam, me zai hana mu sa buhun fiya wata a gefen da iska ke bugowa?" Dabara ce, ba ƙarya. Buhu mai leda 30 kilo 15 ne, zai danne jirgi ya tsaya daidai. Sai dai a tsere haramun ne, kuma gara ka san dalili tun kana tudu.

Littafin dokokin tsere na World Sailing, hukumar duniya mai kula da wannan wasa, ana sabunta shi duk shekara huɗu, wanda ake aiki da shi yanzu na 2025 zuwa 2028 ne. Doka ta 51 ta hana matsar da ruwa ko wani kaya mai nauyi da nufin sauya zaman jirgi. Duk abin da zai iya motsi, a ɗaure shi wuri guda. Ruwan da ya shigo kuwa, kwarfe shi ba laifi. Wato a cikin jirgin nan nauyin da aka yarje wa yawo jikinka ne kaɗai.

Ka fara da sikeli. Jirgin yara, Optimist, wanda Clark Mills ya zana a 1947, bai kamata ya gaza kilo 35 ba. A auna shi a bushe ƙarau, domin jirgin da ya kwana da ruwa a ciki ƙarya yake wa sikeli. In ya ɗan gaza, ba a jefa masa dutse ko dalma. Katako ake kafawa dindindin, rabi a bangon gaba, rabi a na baya. Mutane suna raina wannan rabon, alhali nan maganar take. Da za a bar kowa ya zaɓi wuri, kowa tsakiya zai tara nauyinsa, don jirgin da goshinsa da bayansa ba su da nauyi ya fi hawa igiyar ruwa cikin sauƙi. Masu jirgin Finn, wani samfurin jirgin tsere na mutum ɗaya, har lilo suke sa jirgi ya yi, gwajin da Bafaranshe Gilbert Lamboley ya ƙirƙiro, daga saurin lilon su gane inda aka ɓoye nauyi.

ILCA, wani samfurin jirgin mutum ɗaya wanda har gobe muke kira Laser, ba ta da dogon zance: abin da dokar ajin, wato dokar wannan samfurin jirgi, ba ta halatta ba, kada ka ƙara, kada ka rage.

Sai tufafi, nan ne masu wayo suke faɗawa. Doka ta 50 ta hana sa kaya don ƙara wa jiki nauyi. Iyaka kilo 8 ne, ban da takalmi da abin da ke ƙasan gwiwa, sai in dokar ajin ta sauya adadin, kuma ba ta wuce 10. A jiƙe ake awon: a tsoma kayan cikin ruwa, a rataye minti ɗaya, sannan a ɗora a sikeli. Rigar sanyi mai kauri irin ta gwanjon kasuwar Kantamanto ta Accra tana shan ruwa fiye da zatonka, ka bar ta a gida ko da hunturu ne. Gorar ruwan sha a jikin jirgi ake ɗaure ta, ba a ƙugu ba.

To jikin naka fa, ina za ka kai shi? In iska ta yi laushi, matsa gaba, don bayan jirgi ya ɗan ɗaga ya daina jan ruwa. In ta yi ƙarfi kana tunkarar ta, saƙala ƙafa a maɗaurin ƙafa na cikin jirgi ka kwanta waje har jirgin ya miƙe. Ni a ganina jirgin da ya karkata ya riga ya fara asara, komai kyan da ya yi a hoto. In iskar tana bayanka kuma ta yi zafi, ja da baya, in ba haka ba goshi ya nutse, ka tsinci kanka a ruwa. A nan ma akwai linzami: doka ta 42 ta hana girgiza jirgi a kai a kai, ta hana zabura gaba a tsaya cak don a tura shi. Matsawa a hankali don daidaita zama halal ce.

Kafin ka tura jirgi ruwa, in mai toshiyar baya ne, buɗe ta ka ɗaga goshi, ruwan cikin gangar jiki ya tsiyaye, sannan ka mayar da ita ka matse. Ɗaure abin kwarfa da igiya. In ka taɓa gyara jirgin da gam da zaren gilashi, ko ka cire katakon cikon nauyi, koma wurin mai awo ya sake aunawa ya rubuta a takardar jirgin, domin doka ta 78 a wuyan mai jirgi da mai tuƙi ta rataya wannan.